Jagoran Yau da Jagaban Jiya: Yini Guda a Duwatsun Kasala

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa duwatsu a kanta, ya sanya su alamomi ga matafiya.

Bayan haka, ya 'yan uwa, wasu daga cikin samarinmu na nan Gadarif sun tambaye mu ko akwai amfani mutum ya ɗauki jagora na kansa, ya biya shi kuɗi don ya zaga da shi duwatsun Kasala yini guda, alhali duwatsun ga su nan a fili, babu mai ɓoye su. Amsarmu ita ce akwai amfani, domin mun gwada. Sai dai mun dawo da wata tambaya wadda ba mu tafi nemanta ba, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

A hunturun farkon 2023, watanni kaɗan kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, dattijon da muke riƙe wa alƙalami ya ce yana son ya sake ganin Kasala tun ƙafarsa tana iya ɗaukarsa. Muka haɗu mu biyar a mota ɗaya. Wani ɗan uwa mazaunin can ya haɗa mu da wani saurayi ɗan ƙabilar Halanga, wanda ya yi karatun tarihi, yake kuma kai baƙi yawon duwatsu. Yawancin waɗanda yake kaiwa angwaye ne da amare, domin Kasala ta daɗe da zama inda sababbin aure suke zuwa hutawa daga ko'ina a Sudan. Muka yi ciniki da shi a kan zai tarye mu da hantsi, ya rabu da mu bayan la'asar, kuma mu kaɗai, ba za a haɗa mu da wasu ba.

Mun bar Gadarif bayan sallar asuba. Tafiyar ta haura kilomita 200 a kan kwalta, ta cikin baƙar ƙasar nan tamu mai dawa da riɗi. Muka wuce Shawak a gaɓar kogin Atbara, muka wuce Khashmul Girba inda aka gina madatsar ruwa a 1964 domin mutanen Wadi Halfa da ruwan madatsar Aswan ya tasa daga garinsu. Ƙasar duk shimfiɗe take kamar faifai. Can sai duwatsun suka ɓullo daga nesa, sumul-sumul, kawunansu a dunƙule kamar tukwanen da aka kife. Dattijo ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce kakansa yakan ce ranar da ya fara hango su sai da ya yi hawaye, domin sun tuna masa da dutsen Kwatarkwashi na ƙasar Zamfara inda aka haife shi. Dattijon namu bai taɓa ganin Kwatarkwashi ba. A bakin kakansa kawai ya san shi.

Jagoranmu ya cika alkawari, kuma ya san aikinsa. Tun daga bakin gari ya nuna mana duwatsun da sunayensu: Taka, Totil, Awetila, da Mukram can gefe. Ya tsayar da mu a kan gadar kogin Gash, wanda a lokacin yashi ne zalla. Ya bayyana mana cewa kogin yana gangarowa ne daga tuddan Iritiriya, inda ake kiransa Marab, yana kawo ruwa watannin damina kawai, kuma ba ya kaiwa teku. A arewacin gari yake bazuwa ya nutse cikin ƙasa, ya bar laka mai albarka. Daga ruwan da yake bari a ƙarƙashin ƙasa lambunan Kasala suke sha, masu mangwaro da gwaba da ayaba da lemo da albasa. Shi ne kuma yakan fusata ya ci gari, kamar yadda ya yi a 2003.

Daga nan ya nuna mana wajen da ake kira Mahal Teglinos a gindin dutse, inda masu binciken kayan tarihi daga Italiya suka yi tono tun daga shekarun 1980, suka samu kaburbura da duwatsun da aka kafa a kansu da fasassun tukwane na mutanen da suka zauna wurin sama da shekaru 4,000 da suka wuce. Sannan ya kai mu Khatmiyya. A nan ne masallacin jan bulo yake, jingine da dutsen, ginshiƙansa a jere babu rufi a kansu, ga hasumiya, ga ƙubbar Sayyid Hasan al-Mirghani wanda ya rasu a 1869, ɗan Sayyid Muhammad Usman al-Mirghani mai kafa ɗariƙar. Wurin ya gamu da ɓarna a zamanin Mahadiyya. Saman ƙubbar a buɗe yake, mutanen wurin kuma suna cewa ruwan sama ba ya sauka ta nan. Muka yi sallama ga mamata, muka yi addu'a, muka fito.

Jagoran ya jero mana tarihin garin kamar mai karanta hadda. A 1840 Ahmad Basha Abu Widan, gwamnan Turkawan Masar, ya kawo yaƙi ƙasar Taka ya kafa sansanin soja, sansanin ne ya zama garin Kasala. A 1885 Ansaru suka karɓe shi bayan doguwar kewayewa. A watan Yuli na 1894 Italiyawa suka ƙwace shi daga wajen Iritiriya. Ranar 25 ga Disamba, 1897 suka miƙa shi ga rundunar Masar da Turawan Ingila ke jagoranta. A watan Yuli na 1940 Italiyawa suka sake shiga, suka fita a Janairun 1941. Ya ba mu labarin Hadandawa da Bani Amir da danginsa Halanga, da Rashaida waɗanda suka ƙetaro daga Hijaz a tsakiyar ƙarni na 19. Ba mu kama shi da kuskure ko ɗaya ba a cikin abin da muka sani.

Da azahar muka ci salat, naman nan da mutanen gabas suke gasawa a kan duwatsu masu zafi, sannan muka hau Totil. Matakala ce ake bi a tsakanin manyan duwatsu, ga rumfunan masu jabana a kowane lungu, ga ƙamshin gahawa da citta da turaren lubban, ga birai suna leƙe daga sama. A nan rijiyar nan take wadda ake cewa duk wanda ya sha ruwanta sai ya sake dawowa Kasala. Dattijo ya sha, ya yi dariya, ya ce lalle kakansa ya sha wannan ruwa, domin ya wuce ta nan zuwa Makka, ya kuma dawo ta nan, daga nan bai ƙara nisa da wannan yanki ba har ya rasu.

Muna zaune ana zuba mana jabana, gari duk a ƙarƙashinmu, sai dattijo ya dubi jagoran ya ce masa da Larabci: "Ɗana, ka nuna mana inda Turkawa suka sauka, ka nuna mana inda Italiyawa suka shigo. To, a ina alhazan yamma suke yada zango idan sun iso nan?"

Saurayin ya yi shiru. Sannan ya ce: "Wallahi Baba Alhaji, ban sani ba. Ba a koya mana wannan ba, kuma kai ne na farko da ya tambaye ni." Ya ce ya san akwai Hausawa da yawa a Kasala, ya yi makaranta tare da 'ya'yansu, ya san su da noma da kasuwa, ya san kuma agashe nasu ne. Amma yaushe suka zo, ta wace hanya, me ya tsayar da su, bai taɓa jin wani ya faɗa ba.

Ba mu ga laifinsa ba, kuma mun yaba masa da bai ƙaga mana amsa ba. Jagora yana faɗin abin da aka rubuta ne da abin da baƙi suke tambaya. Laifin, in akwai shi, yana wuyanmu. Saboda haka bari mu faɗi abin da muka sani na amsar.

Kakanninmu ma ba su yi wannan tafiya babu jagora ba. Ayarin Hausawa na da yana da tsari sananne. Akwai madugu, shi ne shugaba mai yanke shawara da yin magana da sarakunan hanya. Akwai jagaba, wanda yake wucewa gaba domin ya san hanya da rijiyoyi da mashigin koguna da inda 'yan fashi suke kwanto. Akwai uban dawaki mai tattara kuɗin fito da kula da bayan ayari. Akwai kuma malamin ayari, mai duba ranar tashi, mai addu'a, mai riƙe lissafi da rubuta wasiƙu. Wannan tsari na fatake ne masu zuwa Gwanja sayen goro, amma masu niyyar hajji da shi suka saba, da irinsa kuma suka doshi gabas. A wurin jagaba, dutse alama ce. Mai tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu yana hango Taka tun da sauran nisa mai yawa, ya san akwai ruwa a gindinsa, ya san kuma teku ta kusa.

Hanyar doguwa ce. Daga ƙasar Hausa a bi ta Barno, a ƙetare Shari, a ratsa Bagarmi da Wadai, a shiga Darfur ta wuce Fashir, a bi Kurdufan ta Nuhud da Ubayyid, sannan a iso Nilu. Daga nan hanya takan rabu. Wasu su yi arewa zuwa Masar, wasu su bi ta Habasha, wasu kuma su ratsa wannan yanki namu su wuce ta gindin Taka zuwa Sawakin ko Musawwa, su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Kaɗan ne suke yin ta a shekara guda. Talaka yakan tsaya ya yi noma damina ɗaya ko biyu, ko ya yi ɗinki, ko ya koyar da yara, ya tara guzuri ya ƙara gaba. Ana haihuwa a hanya, ana aure a hanya, ana binne mutane a hanya.

Akwai shaidar wannan a rubuce tun kafin a kafa garin Kasala. A 1814 wani matafiyi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Burckhardt ya bi ayari daga Shandi, ya ratsa ƙasar Taka, ya isa Sawakin. A cikin ayarin akwai alhazan yamma, waɗanda ake kira Takarir. Ya bayyana su a littafinsa da aka buga a 1819: mutane ne masu tafiya a ƙasa da ɗan guzuri, da yawansu masu karatu, suna ɗauke da allo. Gaskiya ta wajaba a nan: kalmar Takarir ba Hausawa kaɗai take nufi ba, ta haɗa mutanen Darfur da Wadai da Bagarmi da Barno da Fulani da Hausawa, duk wanda ya fito daga yamma da niyyar Makka. Amma hanyar ɗaya ce, kuma ta riga sansanin Abu Widan da aƙalla shekaru 26. Haka nan Baturen Ingila Samuel Baker, wanda ya zaga tsakanin Kasala da Gadarif da kogin Atbara a 1861, ya isa Galabat a 1862 ya tarar da gari na Takarir sukutum, da shehunsu da kasuwarsu da gonakin audugarsu, yawancinsu daga wajen Darfur. Galabat ɗin nan ita ce tamu ta kudu maso gabas, a kan iyakar Habasha.

Babbar igiyar da ta kawo yawancin kakanninmu ta taso ne a 1903. Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita hijira zuwa gabas, jama'a suka bi shi daga garuruwa da ƙauyuka, domin an daɗe ana riƙe da zancen cewa wata rana jama'ar Shehu za su yi ƙaura zuwa wajen Nilu. Ranar 27 ga Yuli, 1903 aka kashe shi a Burmi tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, har suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a 1906, garin da yake ɗauke da sunansa har yau. Kakan dattijonmu yana saurayi ya bi wannan ƙura daga Zamfara. Bisa abin da iyalinsa suka riƙe, ya shekara bakwai kafin ya ga Ka'aba.

Bayan haka sai aiki ya riƙe mutane. An gama madatsar Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe suna neman hannu. Jirgin ƙasa ya iso Kasala a 1924, ya iso Gadarif a 1928, ya haɗe da Sinnar a 1929. A wannan zamanin ne aka faɗaɗa noman auduga a lakar Gash, mutanen yamma kuma suna cikin waɗanda suka noma ta. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman inji a Gadambaliya kusa da mu, dawa da riɗi suka ƙara jawo ma'aikata. Hanyar Kasala kuma ba ta mutu ba, domin alhazan da ba su da kuɗin takardu da na killacewar lafiya a Sawakin sukan bi ta nan su shiga Iritiriya, su nemi kwalekwale a gaɓar Bahar Maliya. Wasu sun isa, wasu teku ta ci su, wasu sun dawo sun zauna. Daga cikin waɗanda suka zauna muka fito.

Mai karatu zai iya cewa: to, mene ne abin damuwa idan jagoran masu yawon buɗe ido bai san wannan ba? Ku dubi kwanan wata guda. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba, 1897, kwana shida ke nan bayan Italiyawa sun miƙa Kasala. Wanda ya tsira daga Burmi a 1903 ya makara da shekaru shida. Wanda kakansa ya riga wannan rana zuwa kuwa, da me zai tabbatar, tunda babu wanda ya rubuta sunansa a zango? Gidaje da yawa a cikinmu sun san wahalar neman jinsiyya, da kawo shaidu, da tambayar asali da ba a yi wa maƙwabci. Dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu, 1956, amma abin da ya zauna a zukatan mutane bai tashi tare da ita ba.

Mun ga haka a watan Yuli na 2022, lokacin da rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu a kan batun sarautar gargajiya da ƙasa, aka kashe sama da mutum 100, dubbai suka bar gidajensu. Kalmar da ta fi yawo a lokacin ita ce baƙi. Jama'armu suka fita zanga-zanga a Gadarif da Kasala da wasu garuruwa, a Kasala kuma aka ƙona ofisoshin hukuma da shaguna. Wannan ƙone-ƙone bai dawo da ran kowa ba, ya kuma ƙara nauyi a kan masu neman a saurare mu. Wata shida bayan haka muke zaune a kan Totil muna kallon garin. Shi ya sa tambayar dattijo ta yi mana nauyi, shi ya sa kuma shirun saurayin ya dame mu.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu cewa Taka namu ne. Ƙasar Bija ce tun kafin a san sunanmu a nan, su ne suka bar alhazai suka sha ruwan rijiyoyinsu, kuma wanda aka saukar ba ya jayayya da mai masauki a kan gidansa. Abin da muke cewa shi ne labarin wannan dutse yana da babin da ya shafe mu, kamar yadda yake da babin Khatmiyya da na Rashaida da na mutanen Halfa, waɗanda dukansu daga wani wuri suka zo, suka zama 'yan gida. Babin namu ne bai shiga bakin masu ba da labari ba. Manazarta sun yi rubutu a kanmu, kamar littafin Umar an-Naqar na 1972 a kan al'adar hajji a Afirka ta Yamma da na Mark Duffield na 1981 a kan Mai Wurno, amma da Turanci suke, kuma ba su isa rumfar mai jabana ba.

Saboda haka ga shawararmu ga samarin da suka tambaye mu. Idan Allah ya kawo zaman lafiya, hanya ta yi daɗin bi, ku je. Ku zaɓi hunturu, domin zafin bazara a jikin dutse ba abin wasa ba ne, damina kuma Gash ba shi da tabbas. Ku ɗauki jagora ɗan gari, ku yi ciniki da shi a fili tun farko a kan lokaci da wurare da kuɗi, ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, domin baƙo ko da ido makaho ne. Ku shiga Khatmiyya da ladabi ko da ba ɗariƙarku ba ce, kada ku ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Sannan ku tafi da tsoho ɗaya daga gidanku, namiji ko mace, ku ba shi kujerar gaba. Jagora zai faɗa muku abin da ke cikin littafi, tsohon kuma zai faɗa muku garin da kakanku ya baro, da zangon da aka haifi wance, da inda aka binne wane. Ɗaya daga cikinku ya zama malamin ayari: ya riƙe takarda ko ya kunna wayarsa, ya rubuta sunan gari da sunan hanya da shekara in an tuna ta, abin da ba a tuna ba kuma ya bar gurbinsa, kada ya cike da ƙage. Wanda ya rubuta ya kawo mana kwafi, muna tarawa.

Kafin mu sauko daga Totil, saurayin nan ya ciro ɗan littafinsa ya roƙi dattijo ya maimaita masa sunayen zangunan tun daga Zamfara. Dattijo ya lissafa masa goma sha ɗaya, ya tsaya, ya ce sauran sun tafi tare da kakansa. Saurayin ya rubuta goma sha ɗayan, ya ce zai tambayi tsofaffin unguwar Hausawa na Kasala inda zangon alhazai yake. Muka yi sallama da shi bayan la'asar, muka iso Gadarif bayan isha'i.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan wannan hanya, waɗanda aka san kabarinsu da waɗanda ba a sani ba. Allah ya mayar da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, ya zaunar da Sudan lafiya, ya haɗa kan mutanenta.